Manhajar gyaran Turanci: ta iya kama "he cans", amma "must not" ya fi ƙarfinta

Wannan manhajar ta gyaran Turanci da nake amfani da ita a waya da kwamfuta, in aka ce in faɗi ra'ayina a taƙaice sai in ce tana da amfani sosai amma kar ka sakar mata ragama. In kuma dogon bayani ake so to ga shi nan, sai a yi haƙuri da tsawon. Ba zan kira sunanta ba don zan faɗi inda ta burge ni kuma zan faɗi inda ta ƙona min rai, ba na so a ce an biya ni kuɗin talla ko kuma a ce kasuwar wani nake ɓatawa. Dama irinsu sun yi yawa yanzu. Tun shekarun 1990 Microsoft Word yake ja wa mutane jan layi a ƙarƙashin kalma in sun yi kuskuren rubutu, Grammarly ta fito a 2009 daga hannun wasu 'yan Yukiren su uku, ga LanguageTool da kowa zai iya duba yanda aka gina ta, sannan tunda ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kusan kowace manhaja ta ƙara wani maɓalli na "bari in sake rubuta maka". Tawa ɗaya ce daga cikin wannan taron, ba wadda ta fi kowa suna ba ce kuma ba ta baya ba ce.

Yanda take aiki ba wani abu ba ne mai wahala. A waya tana zama kibod ɗinka, a kwamfuta kuma tana maƙalewa a jikin burauza, kana rubutu tana ja maka layi, ja na kuskuren harafi, shuɗi na nahawu da salo, ka taɓa layin ta nuna maka gyaran da take ganin ya dace, in ka yarda ka danna ya shiga in ba ka yarda ba ka share. Akwai ta kyauta akwai ta kuɗi. Kuma tun farko za ta tambaye ka Turancin Ingila kake so ko na Amurka, wannan tambayar kar ka tsallake ta da gaggawa, zan dawo kanta.

Abun da na fi sa mata ido a kai shi ne wurin da na san mutane da yawa suke zamewa, wato ƙananan kalmomin nan da malaman Turanci suke kira modal, can, could, may, might, shall, should, will, would da must, su tara, musamman in suka haɗu da not, sannan da jimlolin sharaɗi masu korewa, irin su "in ba ka yi kaza ba" da "da ban yi kaza ba da kaza bai faru ba". Kuskuren harafi kowace manhaja tana kamawa, wannan ba abun yabo ba ne. Anan ne ake gane wadda ta iya.

Bari in fara da inda ta ci maki. Duk wani kuskure na sura, wato wanda ido zai gani ba sai an san me kake nufi ba, wallahi ba ta barin shi ya wuce. Waɗannan kalmomin tara suna da ƙa'idojinsu da ba sa canzawa: ba a ƙara musu s ko da he ne ko she, ba a sa to a bayansu, kuma ba sa neman taimakon do wurin korewa ko tambaya. Rubuta "he cans drive" ka gani, kafin ka ɗaga yatsa ta ja layi. "You must to come" ta cire to ɗin. "She doesn't can swim" ta mayar "she can't swim". "He will comes", "I could went", "they should not to worry", duk ta share su tas. Har "should of" da "would of" tana kamawa, wanda shi wannan ma kuskuren Turawan ne da kansu ya fi yawa, saboda "should've" in an faɗe shi da baki yana fita kamar of sai su rubuta yanda suka ji. Ta san ana cewa "you had better not go", not ɗin yana zuwa ne bayan better. Ta san cannot a haɗe ake rubuta shi. A wannan ɓangaren ba ni da ƙorafi ko ɗaya, kuma ga wanda yake rubutu da sauri a waya da babban yatsa wannan kaɗai ya isa dalilin sauke ta.

Wani wurin da ban zata za ta iya ba kuma ta iya shi ne jimlar sharaɗin da ake juyawa a cire if, irin ta wasiƙun ofis. Ana cewa "Had I not checked the file, we would have sent the wrong one", kuma ƙa'idar ita ce a irin wannan ba a dunƙule not ɗin, ba a cewa "Hadn't I checked". Na rubuta mata dunƙulallen da gangan, ta ware shi. Haka "Should you not receive the letter" da "Were it not for your help". To madalla.

Yanzu ga inda gizo yake saƙar.

Wata abokiyar aikina ta rubuta sanarwa za ta tura wa ma'aikata kan wani horo da za a yi ranar Asabar. Abun da take so ta ce shi ne ba dole ba ne kowa ya zo, wanda ya samu dama ya zo wanda bai samu ba babu laifi. Sai ta rubuta "You must not attend the training on Saturday." A kwamfutata ta rubuta, manhajar tana kunne, ina zaune kusa da ita ina wani abun. Ko layi ɗaya ba a ja ba. Can gefe ma wani ɗan koren da'ira ya fito wai rubutu ya yi kyau babu kuskure. Tana shirin danna tura na leƙa allon nace mata Hajiya tsaya, kin san me kika ce kuwa? Tace eh mana, ba dole ba ne su zo. Nace a'a, cewa kika yi an hana su zuwa, duk wanda ya karanta wannan zai ɗauka in ya zo ma laifi ya yi. Ta zaro ido tace to ai must shi ne dole, not kuma shi ne ba, in ka haɗa ba "ba dole ba" kenan? Kuma ka ga lissafin nata a hankalce daidai yake, Turancin ne bai bi lissafin ba. A "must not" korewar ba kan dolen take faɗawa ba, kan aikin take faɗawa, wato dole ne kar ka zo. In kana so ka ce babu tilas sai dai ka ce "you don't have to attend" ko "you needn't attend" ko "you don't need to attend". Ba mu kaɗai wannan tarkon yake kamawa ba, Jamusawa ma suna faɗawa ciki saboda a yarensu "du musst nicht" ba dole ba ne yake nufi, sai su ɗauko shi kai tsaye su kai Turanci.

To laifin manhajar a nan mene ne? Wani zai ce ai jimlar daidai take a nahawu, ina ruwan na'ura da abun da ke zuciyar Hajiya. Na yarda ba ta san gaibu ba. Amma jimla ta gaba a sanarwar cewa take yi wanda yake da sha'awa ya rubuta sunansa, kenan akwai alama ƙarara cewa maganar farko da ta biyu suna karo da juna, an hana ka zuwa kuma an ce ka rubuta suna in kana so. Manhajar da take tallan cewa tana fahimtar abun da kake nufi ya kamata aƙalla ta ɗan ja layi ta tambaya, hani kake nufi ko rashin tilas? Ba ta yi ba. Kuma abun da ya fi damuna shi ne koren da'irar nan, don shi yake sa mutum ya saki jiki ya ce ai an duba min.

Kar a ɗauka wannan ƙaramin abu ne na masu son iyayi da Turanci. Injiniyoyin da suke tsara ƙa'idojin intanet sai da suka ware takarda guda, RFC 2119, wadda Scott Bradner ya rubuta a 1997, aikinta kawai ta fayyace me ake nufi in an rubuta MUST, MUST NOT, SHOULD, SHOULD NOT da MAY, saboda in mutum biyu suka fahimci kalma ɗaya daban to na'urorinsu ba za su yi magana da juna ba. In masu wannan aikin sun ga abun ya kai a rubuta masa takarda to mai rubuta yarjejeniya ko sanarwar ofis ma ya kamata ya kula.

Sai unless. Kai, unless ɗin nan. Ma'anarsa "sai dai in", kuma korewar tana cikinsa tun asali, shi ya sa "unless you pay" yake daidai da in ba ka biya ba. Mutane da yawa suna ɗaukarsa kamar "muddin" ne ko "idan" sai su ƙara masa not, su rubuta "Unless you don't submit the form, your name will be removed", wanda in ka bi shi a hankali cewa yake za a cire sunanka sai dai in ba ka kawo fom ɗin ba, wato wanda ya kawo shi za a hukunta. A nan manhajar tana ƙoƙari, tana ja layi ta ce a cire don't. Na ba ta wannan. Matsalar ita ce ta ɗauka duk inda aka ga if da not to unless zai iya shiga, kuma tana son gajarta jimla kamar me, to sai ta riƙa ba ka shawarar ka canza. Na rubuta "I'll be surprised if he doesn't call today", wato zan yi mamaki in bai kira ba, lafiyayyar jimla ba abun da ya same ta, sai ga shuɗin layi wai in mayar "I'll be surprised unless he calls today" don ya fi gajarta. Wannan ba ya zama. Unless yana aiki ne in abun da ke bayansa shi ne kaɗai zai hana maganar farko faruwa, kamar ka ce zan tafi sai dai in ka kira. Amma in rashin faruwar abun shi ne yake haifar da sakamakon, kamar rashin kiran shi ne zai jawo mamakin, to if da not ake bari. Haka in kana maganar abun da ya riga ya wuce kana cewa da ba a yi kaza ba: "If the driver hadn't braked, we would have hit the wall." Direban ya taka birki, an tsira, magana ta ƙare. Ka cusa unless a nan sai jimlar ta fita wani iri, kunnen wanda ya saba da yaren zai ji ta banbaraƙwai. Gyaran gangar Auzinawa kenan, ka kawo abu lafiya a mayar maka da shi da rauni.

A kan jimlolin "da... da..." kuwa aikinta rabi da rabi ne. Ta san tsarin da ake koyarwa a aji: if da had da siffa ta uku ta aikatau, wato irin su seen da gone, a gefe ɗaya, would have a ɗaya gefen. In ka rubuta "If I didn't see the message, I would have missed the meeting" kana nufin jiya, za ta ce ka mayar "If I hadn't seen", kuma ta yi daidai. In ka rubuta "If I would have known" za ta mayar "If I had known", shi ma daidai ne a rubutu, duk da cewa in kana sauraron Amurkawa suna hira za ka ji suna faɗin na farkon ba tare da kowa ya ɗaga kai ba. "If I wouldn't have gone" ma ta gyara zuwa "If I hadn't gone". Lafiya lau.

Amma da zarar ka fita daga layin littafin aji sai ta rikice. Akwai jimlar da sharaɗinta yana baya sakamakonta kuma yana yanzu, kuma halal ce a Turanci, kullum ana faɗinta: "If I hadn't missed that flight, I would be in the office now." Da jirgin bai wuce ni ba da yanzu ina ofis. Ga now nan a ƙarshe ɓaro-ɓaro yana nuna maganar yanzu ake yi, amma sai ta ja layi a would be wai in mayar "would have been". In na bi ta na ɓata jimlar. Ba kullum take yin haka ba, wani lokacin ta bari ya wuce wani lokacin ta kama, kuma wannan rashin tsayawa wuri ɗaya shi ma abun haushi ne don ba ka san yaushe za ka yarda da ita ba.

Haka maganar will a bayan if. An koya mana ba a sa will a ɓangaren if, kuma galibi gaskiya ne, "if it will not rain tomorrow" kuskure ne, "if it doesn't rain" ake cewa. Sai dai akwai inda won't ba maganar gobe yake yi ba, ƙin yarda yake nufi. "If you won't sign, we can't proceed", wato in ka ƙi sa hannu, in ka kafe. Wannan daban yake da "if you don't sign" wanda bai ɗora wa kowa laifin taurin kai ba, ƙila mantawa ka yi ƙila ba ka nan. Lauya ko manaja da ya zaɓi won't ya san dalilinsa. Manhajar ba ta san wannan bambancin ba, ko ta gan shi sau goma sau goma za ta ce a canza.

May not kuma wani rami ne daban, kuma a nan ba na ganin laifinta sosai don Turancin ne da kansa yake da baki biyu. "Visitors may not enter" yana iya zama an hana baƙi shiga, "he may not come" kuma wataƙila ba zai zo ba. To "students may not use the lab on Friday" fa, an hana su ne ko dai ƙila ba za su yi amfani da shi ba? Mai gyara na ƙwarai zai ce maka wannan tana da fuska biyu, in hani ne ka ce "are not allowed to" ko "must not", in shakka ce ka ce "might not". Ita shiru take yi. Da za su ƙara wannan gargaɗin kaɗai da na ƙara musu tauraro guda.

Ga kuma na hasashe kan abun da ya wuce, wanda yake da daɗi in ka gane shi. "He must have seen it", lallai ya gani. Kishiyarsa a Turancin Ingila ba mustn't ba ne, "he can't have seen it" ne, wato ba yanda za a yi a ce ya gani. "He may not have seen it" kuma sassauci ne, wataƙila bai gani ba. Amurkawa su suna cewa "he must not have seen it" hankali kwance, lallai dai bai gani ba. To ka ga amfanin tambayar nan ta farko da nace kar a tsallake. Da na sa ta a na Ingila ta fi matsa min kan wasu abubuwan, da na mayar na Amurka sai ta riƙa kallon needn't da shan't kamar baƙin kalmomi tana neman a canza su. Ba kuskure ba ne, kawai dai ka san wa kake rubuta wa. In jarrabawa irin IELTS kake shiri duka biyun ana karɓa, abun da ake so kar ka riƙa gauraya su barkatai a rubutu ɗaya.

Needn't have ma ta taɓa min shi. "You needn't have paid" yana nufin ka riga ka biya, ashe ma ba sai ka biya ba, kuɗi dai sun fita. "You didn't need to pay" kuma cewa yake babu buƙatar biyan, bai tabbatar ko ka biya ko ba ka biya ba. Ta ba ni shawarar in mayar da na farko zuwa na biyu wai ya fi sauƙin karantawa. Ya fi sauƙi kam, amma wani yanki na maganar ya zube a hanya.

In ka tattara duka za ka ga abun nata kamar tela ne da ya iya ɗinki, layinsa a miƙe ba zare ko ɗaya a waje, amma bai auna ka ba. Rigar za ta fito tsaf, ko ta shige ka ko ba ta shige ka ba wannan kai ta shafa.

Maɓallin sake rubutu, wanda yake cikin ta kuɗi, shi ne na fi jin tsoro. Yana fitar da Turanci mai santsi gaskiya, ka ba shi sakin layi duk a hargitse ya dawo maka da shi kamar wani editan jarida ne ya zauna a kai. Amma yana wasa da nauyin kalmomi. Na ba shi "We might not be able to deliver if the payment is not confirmed by Monday", ya dawo min da "We will not deliver unless payment is confirmed by Monday." Karanta su biyun a hankali. Ta farko tana cewa wataƙila ba za mu iya ba, akwai ƙofa a buɗe, akwai ladabi, kuma maganar iyawa ce. Ta biyu gargaɗi ne, ba za mu kawo ba, shikenan. Wanda Turancinsa bai yi ƙarfi ba zai ga ta biyu ta fi kyau da gajarta ya danna ya tura wa kwastoma, can sai ya ji mutum ya canza masa fuska bai san dalili ba. Might ya zama will, should ya zama must, could ya ɓace gaba ɗaya, duk na gani. Ƙa'idata yanzu in na yi amfani da maɓallin nan sai na bi kowane modal da kowane not ɗaya bayan ɗaya na tabbatar suna nan yanda na bar su, wanda in ka duba ya cinye rabin lokacin da aka ce za a rage min.

Bayanin da take bayarwa in ta yi gyara shi ma bai ƙoshi ba. Layi ɗaya ne ko biyu, irin "wannan kalmar ba ta dace a nan ba", ba misali ba dalili. Ga mai so ya koya wannan bai isa ba, za ka danna karɓa sau ɗari gobe ka sake yin kuskuren don ba a gaya maka me ya sa ba. A ta kuɗin bayanin ya ɗan fi tsawo amma da Turanci ne mai nauyi, cike da sunayen nahawu, wanda in da mutum ya san su ai da bai buƙaci manhajar ba tun farko. Ɗalibi gara ya haɗa ta da littafin nahawu mai atisaye ko malami, ita ta zama mai duba masa bayan ya gama.

Sauran ƙananan abubuwa in faɗe su da sauri. Ba ta aiki in babu intanet, netwok ya yi rauni sai layukan su daina fitowa kuma ba za ta gaya maka ta daina dubawa ba, sai ka ɗauka rubutunka ne ya yi kyau. Kibod ɗin yana ɗan jan batir kuma a tsohuwar waya yana nauyi. In kana haɗa Hausa da Turanci a saƙo ɗaya allon zai cika da ja kamar an yanka kaza, dole ka kashe ta in za ka yi hira. Sannan ka tuna duk abun da ka rubuta yana tafiya can wurin kwamfutocin kamfanin ne a duba a dawo maka da shi, don haka takardun sirri na wurin aiki ko bayanan mutane ka karanta sharuɗɗansu tukuna, wasu ma'aikatun ma sun hana amfani da irin waɗannan kwata-kwata. Kuma suna damun mutum da tallan ka koma ta kuɗi, za ta nuna maka wai akwai ƙarin kurakurai a rubutunka amma ta rufe su sai ka biya, in ka biya ka buɗe sai ka tarar yawancinsu shawarar salo ce ba kuskure ba.

Tauraro uku cikin biyar nake ba ta. Ta kyautar ta ishi yawancin mutane, don abun da ta fi iyawa, wato su "he cans" da "must to" da "unless you don't", duk yana ciki. Ta kuɗin sai in kana rubutu da yawa kullum kuma Turancinka ya kai ka yi mata gardama in ta kawo shirme. Wanda yake rubuta yarjejeniya, sharuɗɗan aiki, umarnin shan magani ko wani abu da "kar ka yi" da "ba sai ka yi ba" za su iya jawo asara in suka sauya wuri, dan Allah ya samu mutum mai ido ya karanta masa kafin ya tura. Ni dai na bar ta a kwamfuta don imel da rahoto, na kashe shawarwarin gajarta jimla a saitin, na kuma cire kibod ɗin daga waya.